Yadda Ake Fitar da Siririn Sauti a Saksofon

Idan ka taɓa shiga Kasuwar Kwastam a Maiduguri da hantsi, ka san irin hayaniyar da ake yi a wurin. Masu Keke Napep suna ta danna oda, 'yan dako suna neman hanya, masu kayan miya suna ciniki da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa. Sai ka yi wa na kusa da kai magana bai ji ba. Amma da zarar mai algaita ya biyo ta bakin titi cikin ayarin biki, kowa zai ji shi, har wanda yake can ƙuryar kasuwa. Sautin algaita siriri ne mai kaifi, shi ya sa yake keta hayaniya kamar yadda allura take keta ƙyalle.

Lura da kalmar nan, siriri. Bahaushe yakan ce muryar yaro siririya ce, ta babban mutum kuwa mai kauri ce. Kada ka rikita siririn sauti da sauti mai ƙara. Kukan sauro siriri ne, amma ba shi da ƙara. Rugugin aradu yana da ƙara, amma mai kauri ne. Abin da yake bambanta su shi ne saurin karkarwa. Duk abin da ya yi saurin karkarwa, sautinsa yakan yi sama, ya sirance.

Algaita tana da wani ɗan'uwa na nesa, wato saksofon, wanda kake gani a hannun 'yan badujalar soja da ta 'yan sanda ranar fareti. Wani maƙerin kayan busa ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Sax, shi ya ƙirƙiro shi, ya kuma yi masa rajista a birnin Faris a 1846. Da shi Fela Kuti ya yi suna a Legas, da shi kuma Manu Dibango na Kamaru ya zagaya duniya. Jikinsa na tagulla ne, yana da huji fiye da ashirin, kowane da murfinsa. Shi da algaita duk tsukakku ne daga sama, suna buɗewa zuwa ƙasa kamar mazurari. A bakin kowannensu akwai ɗan kara wanda iska take kaɗawa ya yi karkarwa. Na algaita leɓe biyu gare shi, na saksofon kuwa falle ɗaya ne, ana ɗaure shi a jikin bakin busa.

Ka ɗauki sautuka tamkar gidan bene. Daga "do" zuwa "do" na gaba hawa ɗaya ke nan, kuma a kowane hawa saurin karkarwa yakan ninka sau biyu. Saksofon yana ba da hawa biyu da rabi ba tare da wata wahala ba. Akwai wani maɓalli a ƙarƙashin babban yatsan hagu. Idan ka danna shi, wani ɗan huji ya buɗe, sai sauti ya haye bene na biyu. Wahalar tana farawa ne a ƙarshen hawa na biyu, ta kuma tsananta a sautukan da suke sama da inda maɓallai suka ƙare. Masu busa suna kiran wannan yanki altisimo, kalmar Italiyanci mai nufin ƙololuwa.

A nan ne sabon mai koyo yakan yi kuskure. Da ya ga sauti ya ƙi hawa, sai ya cije bakin busa da ƙarfi, ya hura iya ƙarfinsa. Ga abin da yake biyo baya: haƙoran ƙasa su yanke masa leɓe, ɗan karan ya matse ya kasa motsi, abin da zai fito kuwa ko dai shiru, ko wani ƙara mai kama da kukan ƙyauren da ya yi tsatsa. Wasu daga nan suke ajiye busa, suna zaton ba su da baiwa. Alhali kuwa ba a leɓe matsalar take ba. Tana can cikin baki.

Kai da kake koyon Hausa, ka riga ka san wannan aiki, ko da ba ka taɓa riƙe saksofon ba. Tuna darasin furuci. Furta wasalin "a" ka ja shi, sannan ka koma "i" ba tare da ka tsaya ba. Ka ji yadda doron harshenka ya tashi ya kusanci ganɗa? Hanyar iska ta tsuke, kogon bakinka ya sauya siffa. To, haka mai saksofon yake yi: "a" ko "o" domin sauti mai kauri, "i" domin siriri. Idan kana son ƙarin shaida, yi fito, ka hau daga ƙasa zuwa sama, za ka ji harshenka yana matsowa gaba da kansa. (Sai dai ka yi da rana. Tsofaffi ba sa son fito da dare.)

An daɗe ana gardama ko wannan magana gaskiya ce ko kuwa zato ne kawai na malaman busa. A 2008 wasu masu bincike a wata jami'a ta birnin Sidni, a Ostareliya, suka auna abin da yake faruwa a bakin masu saksofon yayin da suke busa. Sun gano cewa gwanaye suna daidaita kogon baki da maƙogwaro da sautin da suke nema, waɗanda ba su iya hakan ba kuwa ba sa kaiwa ƙololuwa.

Yaya za ka koya wa harshenka? Dubi kakaki na fadar Shehun Borno. Ya fi mutum tsawo, ba shi da huji ko ɗaya, amma mai busa yana fitar da sauti fiye da ɗaya daga cikinsa, domin kowane bututu yana ɗauke da jerin sautuka a ɓoye, ɗaya bisa ɗaya. Saksofon ma haka yake. Rufe dukkan hujin, ka busa sauti mafi kauri. Kada ka motsa yatsa ko ɗaya, kada ka taɓa maɓallin babban yatsa. Ɗaga doron harshe kaɗan, kamar za ka ce "ki", sai sautin ya yi tsalle zuwa hawa na biyu. Ƙara ɗagawa, ya sake hawa. Sigurd Rascher, wani gwani haifaffen Jamus, a kan wannan atisaye ya gina littafin da ya fitar a 1941, kuma har gobe ana koyarwa da shi. Ranar farko wataƙila ba abin da za ka samu sai kukan agwagwa. Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Asabar kaɗai. Kafin ka nemi kowane sauti, fara rera shi da muryarka, domin wanda kunne bai riƙe ba harshe ba ya samunsa.

Akwai abin da za ka ɗauka daga mai algaita, akwai kuma wanda za ka bar masa. Shi yakan cusa karan gaba ɗaya cikin baki, ya kumbura kumatu ya tara iska, yana shaƙa ta hanci yana busawa a lokaci guda, har ya daɗe sauti bai yanke ba. Wannan iska mai gudana ba yankewa ita kake bukata, ka turo ta daga ciki, ba daga wuya ba. Kumburin kumatu kuwa bar masa kayansa, domin a saksofon yana sassauta leɓe, sauti ya zube.

Saura kula da ɗan karan. Da wata irin gora ake yin sa, wadda ake nomawa a kudancin Faransa da wasu ƙasashe, kuma ba a kowane shago ake samunsa ba. Iskar hunturu ta Maiduguri takan busar da shi har bakinsa ya lanƙwashe ko ya tsage, busasshen kara kuwa ba ya hawa sama. Jiƙa shi cikin ruwa na ɗan lokaci kafin ka fara. Idan ka gama, cire shi, ka goge, ka mayar da shi gidansa. In ya yi laushi ƙwarai har yana rufewa da ka nufi sama, nemi wanda ya ɗan fi shi tauri.