Tsarin Kwarmato a Wuraren Aiki: Yadda Ake Gano Almundahana Daga Cikin Gida

Kwarmato shi ne ma'aikaci, ko wani mai hulɗa da hukuma ko kamfani, ya kai labarin wata ɓarna da ake tafkawa a wurin aiki ga wanda ke da ikon dakatar da ita. Ɓarnar na iya zama cin hanci, ko aringizon kuɗin kwangila, ko cusa sunayen ma'aikatan bogi a takardar albashi, ko karkatar da kayan aiki, ko ɓoye wani lahani da ke iya halaka jama'a. Tsarin kwarmato kuwa shi ne tanadin da wurin aiki ya yi domin karɓar irin wannan labari, da bincika shi, da kare wanda ya kawo shi daga ramuwar gayya.

Abin da ya sa ake dogara da na ciki

Almundahana a ofis ba kasafai mutum ɗaya ke gama ta shi kaɗai ba. Takardar biyan kuɗi sai ta bi ta hannun akawu da ma'aji, kaya sai sun shiga sito an sa hannu, direba ya san inda aka sauke lodi. Da ɗan gari ake cin gari, kuma ɗan garin ne ya fi kowa sanin ta inda aka ci shi. Mai binciken kuɗi da ke zuwa daga waje sau ɗaya a shekara takardun da aka miƙa masa yake dubawa, alhali wanda ya yi satar ya riga ya gyara su.

Ƙungiyar ƙwararrun masu binciken zamba ta ACFE da ke Amurka, wadda ke fitar da rahoto duk bayan shekara biyu, ta nuna a rahotonta na 2024 cewa kashi 43 cikin ɗari na zambar da aka gano a wuraren aiki ta hanyar tseguntawa aka gano ta. Fiye da rabin masu tseguntawar ma'aikatan wurin ne, sauran kuma abokan ciniki ne da 'yan kwangila da waɗanda suka sakaya sunansu. Binciken kuɗi na cikin gida ya gano kashi 14, na waje kuma kashi 3 kacal.

Abin da ya faru a kamfanin sadarwa na WorldCom ya nuna yadda lamarin ke gudana. A 2002, shugabar sashen binciken kuɗi na kamfanin, Cynthia Cooper, da ƙananan ma'aikatanta sun riƙa bin diddigin littattafan kuɗi da dare a asirce, har suka gano an rubuta kuɗin gudanarwa na dala biliyan 3.8 a matsayin jari domin a nuna riba da babu ita. Babban jami'in kuɗi ya nemi ta jinkirta binciken, amma ta tsallake shi ta kai maganar ga kwamitin binciken kuɗi na hukumar gudanarwa. Daga baya jimillar zambar ta kai kusan dala biliyan 11, aka kuma yanke wa shugaban kamfanin, Bernard Ebbers, hukuncin ɗaurin shekara 25.

Sassan tsarin

Sashe na farko shi ne ƙofofin kai rahoto. Ana son su zama da yawa: lambar waya ta musamman, da adireshin imel, da shafin intanet, da akwatin ƙorafi, da wani jami'i da za a iya gani ido da ido. Hikimar yawaita su ita ce sau da yawa shugaban da ma'aikaci zai fara tunkara shi ne mai hannu a ɓarnar. Manyan kamfanoni kan ba wa wani kamfani na daban aikin karɓar kiran, domin kada a gane muryar mai magana.

Na biyu shi ne sirri, kuma iri biyu ne. A na farko mai rahoto yana faɗin sunansa ga jami'in da ke karɓa, shi kuma ya riƙe amana. A na biyu ba ya faɗin sunansa ga kowa. Wannan ya fi kwantar wa mai tsoro hankali, sai dai yana wahalar da bincike idan ana bukatar ƙarin bayani. Saboda haka aka ƙirƙiro manhajojin da ke ba mai rahoto lambar sirri, wadda zai riƙa shiga da ita yana amsa tambayoyin masu bincike ba tare da an san shi ba.

Na uku shi ne 'yancin masu bincike. Idan jami'in da ke karɓar rahoto yana ƙarƙashin wanda ake zargi, an ba kura ajiyar nama. Shi ya sa ake ɗora tsarin a kan kwamitin binciken kuɗi na hukumar gudanarwa, wanda ke sama da shugaban kamfani.

Na huɗu shi ne ba da amsa cikin lokaci. Umarnin da Tarayyar Turai ta fitar a 2019 ya wajabta wa duk kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama ya kafa hanyar kwarmato, ya sanar da mai rahoto an karɓi saƙonsa cikin kwana 7, ya kuma gaya masa matakin da aka ɗauka cikin wata 3. Ma'aikacin da ya yi magana ya ji shiru, ko dai ya ja bakinsa har abada, ko ya nufi 'yan jarida.

Na biyar shi ne kariya daga ramuwa. Kora ce ramuwar da aka fi sani, amma wadda aka fi yi ita ce ta ƙarƙashin ƙasa: canjin wurin aiki zuwa wani lungu mai nisa, da danne ƙarin girma, da riƙe albashi, da ƙirƙiro takardar tuhuma, da ƙaurace wa mutum a ofis. Tun da irin wannan na da wuyar kafa hujja, umarnin na Turai ya ɗora wa mai kamfani nauyin tabbatar wa kotu cewa matakin da ya ɗauka ba shi da alaƙa da rahoton.

Haka kuma wanda ake zargi yana da haƙƙi. Ana ɓoye sunansa yayin bincike, ana ba shi damar kare kansa, ana kuma hukunta wanda ya shirga ƙarya da gangan. Wanda ya yi kuskure da kyakkyawar niyya ba shi da laifi, domin abin da ake nema daga mai rahoto shi ne dalili mai ma'ana na yin zargi, kafa hujja kuwa aikin masu bincike ne.

Dokoki da tukwici

Ɗaya daga cikin tsofaffin dokokin wannan fanni ita ce wadda aka kafa a Amurka a 1863, zamanin Shugaba Abraham Lincoln, lokacin da 'yan kwangila ke sayar wa sojoji ruɓaɓɓen abinci da bindigogi marasa aiki a yaƙin basasa. Dokar ta ba ɗan ƙasa damar shigar da ƙara a madadin gwamnati, ya kuma samu rabo daga abin da aka ƙwato. Bayan gyaran 1986 rabon ya zama kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. Birtaniya ta yi dokar kare masu kwarmato a 1998. Rushewar kamfanonin Enron da WorldCom ta haifar da dokar Sarbanes-Oxley a Amurka a 2002, wadda ta tilasta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari su buɗe hanyar karɓar ƙorafi a asirce. Dokar Dodd-Frank ta 2010 ta tanadi tukwicin kashi 10 zuwa 30 idan tarar da aka ci ta haura dala miliyan 1, kuma a ƙarƙashinta aka biya mutum ɗaya kusan dala miliyan 279 a 2023.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci, wadda aka amince da ita a 2003, ta yi kira ga ƙasashe a sashe na 33 da su kare masu kai rahoto. Gana ta yi tata dokar a 2006, kuma ta yi la'akari da yadda al'ummarta take: mutum na iya kai rahotonsa ga basarake, ko shugaban addini, ko babban gidansu, da baki ko a rubuce, shi kuma wanda ya karɓa ya miƙa wa hukuma.

Masana sun rabu kan batun tukwici. Masu goyon baya na ganin wanda ya jefa hanyar cin abincinsa cikin haɗari ya cancanci sakayya. Masu suka na ganin kuɗi na jawo maƙaryata, yana kuma sa ma'aikaci ya tsallake hanyoyin cikin gida. Birtaniya ba ta sa tukwici a dokarta ta 1998 ba, diyyar asarar aiki ta tanada.

Halin da ake ciki a Najeriya

Najeriya ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a 2000, takwararta ta EFCC kuma ta fara aiki a 2003. A ma'aikatu da hukumomin gwamnatin tarayya akwai sassan yaƙi da cin hanci da ake kira ACTU, waɗanda ICPC ke sa wa ido. Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin kwarmato ga bankuna a 2014.

A Disamban 2016 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da manufar kwarmato a ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi, lokacin Minista Kemi Adeosun, tare da alƙawarin tukwicin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Lamarin da ya fi tashe shi ne na Afrilun 2017, da EFCC ta gano dala miliyan 43.4 da fam 27,800 da naira miliyan 23.2 a wani gida da ke Ikoyi a Legas. Wannan ya kai ga dakatar da shugaban hukumar leƙen asiri ta NIA, daga baya aka sallame shi. A shekarar kuma EFCC ta gurfanar da wasu mutane a kotu bisa zargin ba da bayanan ƙarya.

Raunin shirin shi ne manufa ce ta gwamnati wadda majalisa ba ta mayar da ita doka ba, don haka ma'aikacin da aka kora ba shi da wata ƙwaƙƙwarar madogara a gaban alƙali. A Disamban 2022 Majalisar Zartarwa ta amince da daftarin dokar kariya, Ministar Kuɗi Zainab Ahmed kuma ta bayyana cewa shirin ya yi sanyi saboda mutane na tsoron abin da zai same su. Wa'adin gwamnatin ya ƙare a Mayun 2023 daftarin bai zama doka ba.

Abubuwan da ke kashe tsarin

Babban makashin tsarin shi ne tonuwar sunan mai rahoto. Satyendra Dubey, injiniya a hukumar manyan hanyoyin Indiya, ya rubuta wa ofishin Firayim Minista kan almundahanar kwangila, ya roƙi a sakaya sunansa, amma aka zagaya da wasiƙar da sunan a jikinta. An kashe shi a garin Gaya a Nuwamban 2003, kotu kuma ta ɗaure wasu mutane bisa hujjar cewa fashi ne ya jawo kisan. A Afirka ta Kudu an harbe Babita Deokaran, babbar jami'ar kuɗi a ma'aikatar lafiya ta lardin Gauteng, a ƙofar gidanta ranar 23 ga Agusta 2021, makonni kaɗan bayan ta ja hankali kan biyan kuɗi na kusan rand miliyan 850 a asibitin Tembisa.

Na biyu shi ne halin shugabanni. A 2016 shugaban bankin Barclays, Jes Staley, ya sa jami'an tsaron bankin su nemo wanda ya aiko da wata wasiƙa marar suna. Hukumomin Birtaniya sun ci shi tarar fam 642,430 a 2018, hukumar kula da harkar kuɗi ta jihar New York kuma ta ci bankin dala miliyan 15. Ma'aikata sun fi lura da abin da ya samu wanda ya fara magana fiye da abin da aka rubuta a allon sanarwa.

Na uku shi ne al'ada. A ƙasar Hausa rufin asiri ɗabi'a ce mai daraja, mai kai magana kuwa sunansa munafuki ko annamimi, wanda ya jawo aka kori wani kuma a ce ya zama sanadin raba mutum da abincinsa. Sai dai malamai sun bambance tsegumi da kai ƙara. Imam Nawawi, a Riyadus Salihin, ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, daga ciki har da kai kuka ga mai iko kan zalunci da neman taimako domin kawar da ɓarna. Bambancin yana ga niyya da kuma wanda aka gaya wa: annamimi na yawo da magana tsakanin mutane don ya haɗa su, mai kwarmato kuwa yana kai ta wuri ɗaya ne, ga wanda aka ɗora wa alhakin gyara.

Matsayinsa cikin sauran matakai

Kwarmato ba ya tsayawa shi kaɗai. Yana tafiya tare da raba ayyuka ta yadda mai amincewa da biyan kuɗi ba shi ne mai biya ba, da buɗe gasar kwangila, da rajistar kyaututtuka, da bayyana kadarori, da sauya wa jami'an sayen kaya wurin aiki lokaci-lokaci. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta fitar da ma'aunin yaƙi da cin hanci mai lamba 37001 a 2016, da na tsarin kwarmato mai lamba 37002 a 2021. Waɗancan matakai na rage damar sata, kwarmato kuma na kamo abin da ya kuɓuce masu.

Ƙarancin rahoto ba shaidar tsabtar wurin aiki ba ce, domin ya fi yawan nuna cewa ma'aikata ba su yarda da tsarin ba. Ma'aunin da masu bincike ke amfani da shi shi ne yawan rahoton da aka karɓa, da yawan wanda aka bincika har ƙarshe, da hukuncin da ya biyo baya, da kuma ko wanda ya kawo rahoton yana nan a bakin aikinsa.