Kwikwiyo da Ƙaiƙayinsa

Karya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63, ta haifi 'ya'yanta ba sa gani ba sa ji. Kwikwiyo ba ya buɗe ido sai ya yi kwana 10 zuwa 14, kuma ba a yaye shi sai ya kai mako 6 zuwa 8. A wannan tsakani fatarsa ba ta da kauri, garkuwar jikinsa ma ba ta gama yin ƙwari ba. Kwanansa a ƙasa ne, a gindin rumbu ko bayan danga, jikinsa manne da na uwarsa da na 'yan'uwansa. Duk ƙwaron da ke jikin uwa ko a makwancinta sai ya hau kansa, shi ya sa susa take cikin larurorin farko da ake gani a jikinsa.

Bahaushe yana yi wa kare kirari da "ka mutu da haushin kura", yana kuma ajiye shi don farauta da gadi da tsaron garke. A mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar Hausa ke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Hadisi kuma ya kawo labarin mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Mafarauta sun fi kowa sanin darajar kwikwiyo, don karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma wanda ƙaiƙayi ya ramar da shi tun yana ƙarami ba zai yi gudun kirki a dawa ba.

Ƙaiƙayi alama ce, cutar tana bayansa. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Abu huɗu ake duba kafin a taɓa magani: wane wuri ne kwikwiyon ya fi sosawa, watansa nawa, a wane lokaci na shekara abin ya fara, kuma ko akwai wata dabba ko mutum a gidan da yake susa tare da shi.

Ƙuma ce ta farko a jerin abin zargi. Ta fi taruwa a kwankwaso da gindin wutsiya da cinyoyi, kuma sau da yawa ba a ganinta, don tana da sauri kuma karen yana haɗiye ta in yana cizon jikinsa. Kashinta ake nema. A tsayar da kwikwiyon a kan farar takarda mai laima, a taje gashinsa. Baƙin gari zai zubo kamar dakakken masoro, in ya jiƙa ya koma ja, to jinin da ƙuma ta sha ne. Macen ƙuma takan saka ƙwai har 40 zuwa 50 a rana, ƙwan kuma ba ya zama a gashi, zubowa yake yi a tsumma da tabarma da rairayi. Saboda haka waɗanda ke jikin dabba kaɗan ne daga cikin zuriyar, mafi yawa suna ƙasa suna jiran ƙyanƙyasa. Ɗan ƙaramin kwikwiyo da ƙuma ta yi wa yawa jininsa yakan ƙare har dasashinsa ya yi fari, kuma ta hanyar haɗiye ƙuma ce yake kamuwa da tsila. Akwai karen da jikinsa ba ya jituwa da yawun ƙuma. Irin wannan kare, cizo kaɗan ya isa ya hana shi barci kwanaki. Wanda ya ƙyale ta kuwa, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, don za ta sauko ta ciji ƙafafun mutanen gida.

Kaska, raɓi mai jini, ana ganinta da ido a cikin kunne da wuya da tsakanin yatsu. Irin da ta fi addabar karnuka tana ɓuya a tsagar bango, tana saka dubban ƙwai a can. Ƙaiƙayinta bai kai na ƙuma ba, amma tana ɗauke da cututtukan jini masu kawo zazzaɓi da rama. Kwarkwata kuma ta fi kama kwikwiyon da ba ya samun abinci isasshe, ana gane ta da fararen ƙwanta da ke manne a jikin gashi. Ta kare ba ta rayuwa a kan mutum.

Ƙazwa iri biyu ce, kuma rarrabe su yana da muhimmanci. Ta farko wani ƙwaro ne da ido ba ya gani, mai suna Sarcoptes, yana haƙa rami cikin fata. Yana farawa daga gefen kunne da gwiwar ƙafafun gaba da ciki, ƙaiƙayinsa kuma shi ne mafi tsanani, har kwikwiyo yakan bar cin abinci ya koma susa. In aka murza gefen kunnensa aka ga ƙafar baya ta ɗauki susa a iska da kanta, ana kyautata zaton wannan ce. Tana yaɗuwa tsakanin karnuka, kuma takan fesa wa mai ɗaukar karen ƙuraje a hannu da ciki na ɗan lokaci. Ta biyu ita ce ta Demodex, ƙwaron da kwikwiyo ke samu daga uwarsa a kwanakin farko na shan nono. Yana zaune a ramin gashin kusan kowane kare ba tare da illa ba, sai garkuwar jiki ta yi rauni yake yawaita. Alamarsa zubar gashi a kewayen ido da baki da ƙafafun gaba, da ƙaiƙayi kaɗan ko babu. Ba ta kama mutum, kuma in wuri ɗaya ko biyu ne takan warke da kanta cikin wata biyu. Likitan dabbobi yana kankare fata ya duba a madubin ƙara girma. Demodex yana saurin bayyana, Sarcoptes kuwa yakan ɓuya, don haka akan ba da maganinsa bisa alamu kawai.

Akwai wasu uku da ake yawan gani. Kwikwiyon da yake kaɗa kai yana sosa kunne, ana ganin baƙin datti busasshe a ciki, mai yiwuwa ƙwaron kunne ne. Wanda kumburi mai ɗan huji a tsakiya ya fito masa a ciki ko ƙafa, yana lasa ba ƙaƙƙautawa, tsutsar wani ƙuda ce da ke saka ƙwai a inuwa cikin rairayin da fitsari ya jiƙa; an fi ganinta da damina. Sai makero, wanda wata irin funfuna ke kawowa: gashi ya zube a kewaye, wurin ya yi furfura da ɓawo. Ba ya cika ƙaiƙayi, amma yana kama yara da sauƙi.

Kowace ce ta fara, susa tana yaga fata, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a saman fata sukan kutsa, ƙuraje masu mugunya su fito a fatar cikin kwikwiyon inda babu gashi, jikinsa ya yi wari. Daga nan ƙaiƙayin ya zama biyu, na asali da na gyambo, kuma sai an magance duka biyun. Yanayi ma yana da nasa hannu. Iskar hunturu tana busar da fata ta tayar da amosani, yawan wanka da sabulun wanki kuma yana kwashe maiƙon da ke kare ta.

Alaji, wato rashin jituwar jiki da wani abu da ba ya cutar da sauran dabbobi, shi ake zargi a ƙarshe, bayan an kawar da ƙwari da ƙwayoyin cuta. Wanda muhalli ke tayarwa yakan fara ne tsakanin wata 6 da shekara 3, saboda haka da wuya ya zama shi ne a jikin ɗan wata biyu. Alamunsa lasar tafin ƙafa, goga fuska a ƙasa, jan hammata da matsematsi, da ciwon kunne mai tafiya yana dawowa. Masu tayar da shi sun haɗa da ƙwarin da ke rayuwa cikin ƙurar ɗaki, da funfuna, da ƙurar furannin ciyawa da itatuwa. Yana bin jini, ya fi yawa a wasu irin karnuka na ƙasashen waje, kuma lallaɓa shi ake yi tsawon rayuwa. Na abinci kuwa yana iya bayyana tun kafin wata 6, ba ruwansa da damina ko rani, wani lokaci da gudawa ko amai. Naman shanu da madara da kaza da alkama su aka fi samu da laifi. Gwajin jini ba abin dogaro ba ne a nan. Hanyar da aka tabbatar ita ce a ɗora kwikwiyon a kan abincin da bai taɓa ci ba har mako 8, ba ƙashi, ba ragowar tuwo, ba lomar da yaro zai jefa masa. In ƙaiƙayin ya lafa sai a dawo da tsohon abincin. In ya sake tashi, an kama mai laifi. Da yake dabba ce mai tasowa, likita ne ya kamata ya tsara abincin don kada ƙashinta ya tauye. Dabam da waɗannan akwai borin jini, inda fuska ke kumbura nan take bayan harbin zuma ko allura. In numfashi ya fara wuya, asibiti ake nufa a lokacin.

A wurin magani ne ƙaramin sani yake zama ƙuƙumi. Shafa baƙin mai ko kananzir ko maganin ƙwarin gona yana ƙona fata, karen ya lashe, gubar ta shiga cikinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yawancin magungunan ƙuma da kaska ba a ba wanda bai kai mako 8 ba, kuma gwargwadon nauyi ake aunawa. Wanda bai kai ba, taje shi ake yi a wanke shi da ruwan ɗumi, a tsane shi da sauri kada sanyi ya kama shi. Maganin ƙuma na kare mai sinadarin fametirin yana kashe kyanwa. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ga kuma asibitocin dabbobi na jihohi. Duk maganin ƙwarin da aka rubuta, a haɗa da uwa da sauran karnukan gidan a lokaci guda, a wanke tsumman kwanciya da ruwan zafi a shanya a rana, a share makwanci, a liƙe tsagar bango, sannan a maimaita maganin a kan lokacin da likita ya sa.