Yadda ƙodar ƙwaro ke girma kafin ta fara aiki

Ƙwaro ba shi da ƙoda irin taka, amma dole ya fitar da dattin jikinsa. Masu yi masa wannan aiki wasu siraran bututu ne da ke manne da hanjinsa. Ana kiran su bututun Malpighi, saboda Marcello Malpighi ɗan Italiya ne ya bayyana su a jikin tsutsar siliki a 1669.

Ƙwaron da aka fi bin girman waɗannan bututu a cikinsa shi ne Drosophila, ƙaramin ƙudan da ke taruwa kan ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Bututunsa huɗu ne, kuma tun yana cikin ƙwai suke tsirowa kamar 'yan ƙuraje a mahaɗar hanjin tsakiya da na ƙarshe. Da fari ƙwayoyin halittar wurin suna rarrabuwa su yi yawa. Daga nan rarrabuwar ta tsaya, sai su riƙa kutsawa tsakanin juna, gajeren bututu mai kauri ya koma dogo siriri.

To, siffa kaɗai ba ta isa ba. Wasu ƙwayoyin daban, masu kama da tauraro idan sun girma, suna tahowa daga wani sashen jiki su shiga tsakanin na asali. Na asalin ne ke tura gishirin fotasiyam cikin bututu, baƙin kuma su buɗe wa kuloraid da ruwa hanya. Kafin ƙwai ya ƙyanƙyashe za ka hangi farin sinadarin yurik asid ya taru a ciki, alamar aiki ya kankama.

Idan tsutsar ta shiga matakin kwanciya don rikiɗa ta zama ƙuda, yawancin sassan jikinta narkewa suke yi a sake gina su. Bututun Malpighi kuwa ba sa narkewa. Aikinsu ne kawai ke raguwa, sannan ya dawo.

Me ya shafe ka? Macen sauro tana da irin waɗannan bututu guda biyar. Idan ta sha jini nauyinta kan ninka, sai bututun su yi saurin zubar da ruwa da gishiri don ta samu sauƙin tashi. Shi ya sa masu bincike ke gwada magungunan da za su toshe hanyar fotasiyam a bututun, ganin yadda sauron maleriya ke ƙara jure wa magungunan feshi da na gidan sauro.