Garkuwar Jikin Kawa da Ƙwayoyin Cuta Masu Fakewa a Cikinta: Duba daga Gaɓar Jidda

Kawa dabbar teku ce mai ɓawo biyu, dangin makankari. A Bahar Maliya, nau'in da aka fi sani shi ne Pinctada margaritifera, wanda ɓawonsa da lu'ulu'unsa suka kasance cikin hajojin da ake fitarwa ta tashar Jidda a ƙarni na 19. Wannan maƙala ta duƙufa ne kan yadda dabbar da ba ta gudu, ba ta cizo, take kare kanta daga ƙwayoyin cutar da ke rayuwa a jikinta.

Kawa ba ta ƙera antibodi kamar ɗan Adam, saboda haka ba a yi mata rigakafi irin wanda muka sani. Dogaronta yana kan garkuwar da aka halicce ta da ita, musamman ƙwayoyin jininta da ake kira himosait. Idan baƙon abu ya shigo, wasu sinadaran furotin, wato lektin, sukan gane sukarin da ke fatarsa. Daga nan himosait ta haɗiye shi, ta yi masa ambaliyar gubar iskar oksijin har ya mutu. In ya fi ƙarfin haɗiya, kamar tsutsa, sai ƙwayoyin su yi masa zobe su killace shi. Lu'ulu'u ma daga irin wannan kariya yake samuwa, domin fatar da ke ƙera ɓawo ce take kewaye abin da ya raunata ta, ta riƙa shafe shi da sinadarin ɓawon.

Sai dai akwai cutar da ta mayar da wannan garkuwa gidanta. Perkinsus marinus, wadda Mackin, Owen da Collier suka bayyana a 1950 a kawar Tekun Meziko, ba ta guje wa himosait. Wani lektin na kawar, mai suna CvGal, shi ne ke kama ta ya shigar da ita. Tana shiga sai ta warware gubar da sinadaranta, ta kuma danne tsarin da ƙwayar ke bi ta hallaka kanta, wanda shi ne makamin ƙarshe na hana yaɗuwa. Ta haka mai gadi ke zama abin hawa, ya kai cutar ko'ina a jiki. Bonamia ostreae, wadda ta ɓulla a Faransa a 1979, ita ma cikin himosait take hayayyafa.

Abin da ya sa batun ya shafi Jidda shi ne ruwa. Perkinsus marinus takan yi ƙarfi idan zafin ruwa ya wuce digiri 20, gishirinsa kuma ya haura kashi 15 cikin dubu. Gishirin Bahar Maliya yana kusan kashi 40 cikin dubu, ruwanta kuma ɗumi ne duk shekara. An kuma samu 'yar uwarta, Perkinsus olseni, a jikin dangin Pinctada a Ostireliya. A tsallaken teku, a Dongonab ta Sudan, inda Cyril Crossland ya fara kiwon kawa a farkon ƙarni na 20, an taɓa yin mace-macen da suka durƙusar da gonakin.

A ganina, ganganci ne a ɗauki sakamakon kawar Amurka a ɗora wa ta Bahar Maliya kai tsaye, domin ko a cikin dangi ɗaya juriya ta bambanta: Crassostrea gigas ta fi Crassostrea virginica jure wa Perkinsus. Auna himosait na kawar wannan gaɓa aiki ne da ya dace da Tsangayar Kimiyyar Teku ta Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Obhur, da Jami'ar KAUST ta Thuwal, kafin a shigo da irin kiwo daga waje.