Ƙwayar Haske a Matsayin Ma'aunin Lissafi: Yunƙurin Kamfanin PsiQuantum

Kwamfutar da aka saba da ita tana lissafi ne da alamu biyu kacal, watau sifili da ɗaya. Ita kuwa kwamfutar kwantam tana aiki da abin da masana suka kira kiyubit, wanda kan iya ɗaukar halin sifili da na ɗaya a gauraye kafin a auna shi. Sai dai kiyubit abu ne mai rauni, zafi kaɗan ko girgiza kan lalata shi.

Wannan ne ya sa kamfanin PsiQuantum na Palo Alto a Amurka ya zaɓi ƙwayar haske ta zama kiyubit, domin zafi bai cika damun ta ba. Amma ƙwayoyin haske ba sa taɓa juna, ga kuma saurin ɓacewa a hanya. A shekarar 2001 masana uku, Knill da Laflamme da Milburn, suka nuna cewa da madubai da na'urorin auna haske ana iya haɗa su su yi lissafi.

Gyaran kurakuran da ɓacewar ke haifarwa yana bukatar kiyubit kimanin miliyan ɗaya. Saboda haka kamfanin yake ƙera sassansa a masana'antar GlobalFoundries, inda ake yin su da yawa. A 2024 gwamnatocin Ostireliya da Kwinsland suka yi alkawarin dalar Ostireliya miliyan 940 don gina injin a Birisben. Nasarar aikin ta dogara ne ga rage yawan hasken da ke ɓacewa.