Diyyar Haɗari a Amurka: Yadda Za Ka Warware Bashin Magani Kafin Kuɗi Su Shigo Hannunka

Idan kana zaune a Amurka, ko kana da ɗan'uwa a can, ka san cewa diyyar da aka yanke wa wanda ya ji rauni a haɗari ba duka take shiga aljihunsa ba. Duk wanda ya ɗauki nauyin jinyarka yana iya samun haƙƙin cire kuɗinsa daga diyyar kafin a miƙa maka saura.

Ga misali: an ba ka dala 90,000. Lauya ya ɗauki kashi ɗaya bisa uku, wato 30,000. Asibiti na bin 40,000. Abin da ya rage maka 20,000 ne kacal, alhali wataƙila da sauran gashin ƙashi ko tiyata a gaba.

Su wa ke da wannan haƙƙi?

Medicare: Inshorar gwamnatin tarayya ce ta masu shekara 65 zuwa sama da wasu masu naƙasa. Bisa dokar 1980, abin da ta biya kan raunin haɗari tamkar rance ne. Idan takardar neman biya ta ƙarshe ta fito, kwana 60 gare ka, in ya wuce a ɗora kuɗin ruwa.

Medicaid: Ta masu ƙaramin ƙarfi ce, jihohi ke gudanar da ita. A shari'ar Ahlborn ta 2006, jihar Arkansas ta nemi sama da dala 215,000 daga diyyar 550,000. Kotun Ƙoli ta ce kason magani kaɗai za ta taɓa, sai ta tashi da kimanin 35,000. Amma a shari'ar Gallardo ta 2022, kotun ta ce jiha na iya ɗiba har daga kason da aka ware don jinyar gaba.

Inshorar wurin aiki: Yawanci tana ƙarƙashin dokar ERISA ta 1974, kuma abin da aka rubuta a takardar yarjejeniyar shi kotu ke bi.

Asibiti da likitoci: Dokar kowace jiha daban take. Wasu jihohin sun ƙayyade iyakar abin da asibiti zai ɗauka.

Me ya kamata ka yi?

1. Tun ranar farko ka faɗa wa lauyanka duk inda aka duba ka da wanda ya biya.
2. Ka nemi cikakken lissafin asibiti ka bi shi layi-layi. Maganin hawan jini ko ciwon suga da kake sha tun kafin haɗarin bai kamata ya shiga ciki ba. Ka kuma duba ko an caje ka gwaji ɗaya sau biyu.
3. Ka sa lauya ya nemi ragi. Medicare kan rage wani kaso saboda kuɗin lauya da na shari'a, asibitoci da yawa kuma sukan sassauta idan diyyar ba ta taka kara ta karya ba.
4. Kada ka sa hannu kan sulhu sai ka san jimillar abin da ake bin ka.
5. Duk wanda aka biya, ka karɓi takardar shaidar cewa bashin ya ƙare.

Abin da ya fi damun likitoci

Wasu kan daina zuwa asibiti don gudun kada bashi ya cinye diyyar. Wannan kuskure ne babba. Raunin kai ko na ƙashin baya yakan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana, kuma yanke jinya na ba kamfanin inshora hujjar cewa ka warke. Ka kuma tambayi likitanka irin jinyar da za ka buƙata nan gaba, domin da zarar an rufe sulhu, da wuya a sake buɗe shi.