Aljabarar Layi: Darasin da Ke Raba Lissafin Sakandare da na Jami'a

Ɗalibin da ya shiga jami'a domin karatun injiniya, ko kimiyyar kwamfuta, ko kimiyyar lissafi zalla, ba ya daɗewa kafin ya ci karo da darasin aljabarar layi, wanda a jami'o'in Nijeriya aka fi koyar da shi a shekara ta biyu. Fanni ne da ke nazarin jumlolin daidaito, wato bayanan lissafi da ke cewa wannan ɓangare daidai yake da wancan, bisa sharaɗin cewa adadin da ake nema ba a ninka shi da kansa ko da ɗan'uwansa, sai dai a ninka shi da lamba sannan a tara, kuma idan aka zana irin wannan jumla mai adadi biyu a takarda, miƙaƙƙen layi take bayarwa. Makonnin farko kan zo da sauƙi har ɗalibi ya raina darasin, amma daga tsakiyar zango sai ya tarar tambayar ta sauya, domin an daina neman amsa kaɗai, an koma neman hujjar samuwar amsar.

Misali ɗaya ya isa ya nuna tushen al'amarin. A ɗauka wani ya sayi mudu 2 na shinkafa da mudu 1 na wake a kan naira 7,000, wani kuma ya sayi mudu 1 na shinkafa da mudu 3 na wake a kan naira 11,000. Idan aka ninka cinikin na biyu sau biyu, za a samu mudu 2 na shinkafa da mudu 6 na wake a kan naira 22,000, kuma idan aka debe cinikin farko daga ciki sai shinkafa ta fita daga lissafin, ya rage mudu 5 na wake a kan naira 15,000, wato mudun wake 3,000 ne, na shinkafa kuwa 2,000. Wannan dabara ta kawar da adadi ɗaya bayan ɗaya ita ce ginshiƙin darasin baki ɗaya. To, amma da mutum na biyu ya sayi mudu 4 na shinkafa da 2 na wake a kan 14,000, da bai ƙara wani bayani ba, domin cinikin farko ne ya maimaita, kuma farashin da zai dace da shi ba ya ƙidayuwa. Da kuwa 15,000 ya biya, da bayanan biyu sun ƙaryata juna, babu amsa ko ɗaya. Amsa guda, ko amsoshi marasa iyaka, ko babu amsa sam: babu hanya ta huɗu, ko da jumlolin sun kai dubu, kuma tabbatar da haka da hujja shi ne abu na farko da jami'a ke nema daga ɗalibi.

Dabarar ta girmi jami'o'in zamani nesa ba kusa ba. Wani littafin lissafi na ƙasar Sin mai babi tara, wanda aka tattara kimanin shekaru dubu biyu da suka wuce a zamanin daular Han, ya keɓe babinsa na takwas ga irin waɗannan matsaloli, inda ake jera tsinkayen ƙidaya a kan allo ana debe wani jeri daga wani. A yau ana jingina hanyar ga masanin Jamus Carl Friedrich Gauss, wanda ya yi suna a shekarar 1801 bayan ya lissafa hanyar da Ceres, wani ƙaramin jiki mai kewaya rana, ke bi a sararin samaniya, har masu binciken taurari suka sake gano shi bayan ya ɓace musu.

Mataki na gaba shi ne tsame lambobin daga cikin jumlolin a jera su layi-layi cikin akwati, abin da ake kira matiris, wanda Arthur Cayley na Ingila ya tsara ƙa'idojin tara shi da ninka shi a 1858. Tare da shi ake gabatar da bekta, wato jerin lambobi da ake iya kwatantawa da kibiya mai tsawo da alƙibla. Nan ne ɗalibi ke fahimtar cewa matiris aiki yake yi a kan bektoci, yana juya su, ko ya miƙe su, ko ya taƙaita su, kuma nan ne wata ƙa'idar da ya saba da ita tun firamare ke rushewa. Uku sau biyar daidai yake da biyar sau uku, amma a matiris wanda aka gabatar yana da tasiri. Kibiyar da ke nuna gabas, idan aka juya ta hagu ta fuskanci arewa, sannan aka yi aikin da ke musanya arewa da kudu, kudu za ta nuna. Idan kuwa musanyar aka fara yi, ba za ta motsa daga gabas ba, sai juyin ya kai ta arewa.

Inda akasarin ɗalibai ke jin jiki shi ne babin sararin bekta, ra'ayin da Hermann Grassmann ya fito da shi a 1844, Giuseppe Peano kuma ya tsara sharuɗɗansa a 1888. A nan ake cewa duk tarin abubuwan da za a iya tarawa a kuma ninka da lamba bisa wasu ƙa'idoji sarari ne, ko da idon mutum ba ya iya ganinsa, sannan a tambayi ɗalibi bektoci nawa ne mafi ƙaranci da za su gina sauran. Wanda ya dogara da haddar hanyoyin warware tambayoyin shekarun baya kan yi tuntuɓe a nan, domin maganin wannan babi shi ne a riƙa gwada kowace sabuwar ma'ana a kan ƙaramin misali mai adadi biyu ko uku, a zana shi, kafin a tunkari hujjar gaba ɗaya.

Amfanin wahalar yana bayyana idan matsala ta fi ƙarfin alƙalami. A 1949 masanin tattalin arziki Wassily Leontief ya taƙaita tattalin arzikin Amurka cikin jumloli 42, na'urar Jami'ar Harvard ta shafe awa 56 tana warware su, aikin da ya taimaka wajen kai shi ga kyautar Nobel a 1973. A 1998 Larry Page da Sergey Brin suka gina tsarin Google na jera shafukan intanet a kan neman bektar da wani ƙaton matiris ba ya karkatar da alƙiblarta. Ƙaramar kwamfuta a yau tana gama aikin Leontief kafin a ƙifta ido, saboda haka ba saurin hannu ake horar da ɗalibi a kansa ba. Ana horar da shi ne ya san ko matsalar da ya miƙa wa na'ura tana da amsa, ko amsar guda ce, da kuma ko ƙaramin kuskure a bayanan da aka shigar zai iya lalata sakamakon.